DARASI: Tarihin Radiyo Sutatenza, radiyon ƙauye da ta zama lakol



Kullum a wannan shafi muna maganar iri da taki da maganin ƙwari. Yau za mu yi maganar akwatin da ke kawo muku labarinsu, wato radiyo. Za mu bi tarihin tasha guda ɗaya, Radiyo Sutatenza, ta ƙasar Kolombiya a Amurka ta Kudu. An kafa ta cikin ƙauye a shekarar 1947. Ta girma har muryarta ta game ƙasa, ta sake tsarin shirye-shiryenta fiye da sau ɗaya, kuma aka sayar da ita a 1989. Cikin abin da ya ɗaukaka ta da abin da ya kayar da ita akwai ilimi ga duk garin da ke da radiyo ko yake neman samu. Mai karanta wa jama'a ya tafi sannu, ya dakata a ƙarshen kowane sashe don a fahimta.

1. Garin da mutanensa

Sutatenza ƙaramin gari ne a jihar Boyaka, cikin kwarin Tenza, fiye da kilomita 100 arewa maso gabas da Bogota, babban birnin ƙasar. Ƙasar duwatsu ce mai sanyi, tudunta ya kusa mita dubu 2 bisa teku. A wancan lokaci yankin yana da mutane wajen dubu 8. Kaɗan ne ke zaune cikin garin. Sauran suna warwatse bisa tuddai, kowane gida a gonarsa, kamar yadda muke ganin zaman tunga a wajenmu. Suna noman masara da wake da dankalin Turawa a ƴan ƙananan gonaki. Mafi yawansu ba su iya karatu da rubutu ba. Lakol tana nesa, hanya ba kyau, malami kuma ba ya son zama a daji.

A watan Agusta na 1947 aka turo wani matashin limamin Katolika garin, sunansa José Joaquín Salcedo, yana da shekara 25. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne, don haka tun yana yaro ya saba da wayoyi da na'urori. Da ya iso, ya lura huɗubarsa ba ta wuce bangon majami'a, mutanen tuddai kuwa ba su da wata hira bayan aiki sai gidan giya. Sai ya fara nuna musu silima a dandalin gari. Jama'a suka yi ta zuwa. Ya ce to a taru a gina ɗakin kallo, kowa ya kawo abin da ya iya, ko dutse ko kaza ko ƙarfin hannunsa.

2. Tsari na farko: gari yana jin muryarsa

Kafin ƙarshen 1947 Salcedo ya kunna wata ƙaramar na'urar watsa murya da ɗan'uwansa ya harhaɗa masa. Ƙarfinta wajen wat 90 ne, bai fi na ƙwan lantarki guda ba. Akwatunan radiyo uku ne, masu aiki da pil, aka kai su unguwannin tudu.

Abin da aka fara watsawa shi ne kiɗa da waƙar manoman garin da kansu. Ana kuma faɗin sunayen waɗanda suka taimaka wajen gini. Mutum yana tsakar gidansa sai ya ji sunansa ya fito daga akwati, ko ya ji muryar maƙwabcinsa yana waƙa. Da wannan aka jawo su.

A riƙe wannan da kyau, domin shi ne tushe. Kafin radiyon ta koya wa kowa harafi ɗaya, sai da mutane suka yarda tasu ce. Da abokin daka akan sha gari.

3. Tsari na biyu: lakol ta radiyo

Da jama'a suka saba taruwa gaban akwati, sai aka shigo da darasi. A 1948 shugaban ƙasa Mariano Ospina Pérez ya yi jawabin buɗe lakol-lakol na radiyo. Kamfanin General Electric ya taimaka da akwatuna da na'ura mai ƙarfin wat 250, bayanta aka samu mai wat dubu 1. A 1949 aka yi rajistar ƙungiyar da za ta riƙe aikin, ana taƙaita sunanta ACPO, ma'anarsa aikin wayar da kan talakawa.

Ga yadda lakol ɗin take. Ba a gina aji. A gidan wani manomi ake taruwa, maza da mata, manya da yara, sau da yawa ƴan gida ɗaya da maƙwabtansu. Kayan aiki su ne akwatin radiyo, allon bango da alli, manyan takardu masu zane, littattafai da fensir, da agogo. Akwai kuma guntun ƙarfe da ake bugawa don kiran mutane idan lokaci ya yi.

Malami yana can gidan radiyo, ba ya ganin ɗalibansa. Shi ya sa kowace lakol take da mataimaki, ɗan unguwar da ya ɗan taɓa karatu, kuma ba a biyansa albashi. Malami zai ce mataimaki ya rubuta harafi kaza a allo, ko ya nuna zane kaza. Sai ya yi shiru, a saka ɗan kiɗa, har a gama rubutawa. Mataimaki ya zagaya ya duba littafin kowa, ya kama hannun wanda ya kasa. Ana yin darasi da sassafe kafin a tafi gona, a maimaita shi da rana ko da yamma don wanda aiki ya hana. A ƙarshen zango a yi jarrabawa, a aika takardun.

Darussan sun kasu gida 5: lafiya, karatu da rubutu, lissafi, tattali da aiki, sai tarbiyyar addini. Kowane gida da littafinsa. A fannin tattali da aiki nan ne noma yake. Ana koyar da haƙa ramin taki, da tare zaizayar ƙasa a gonar gangare, da dashen itatuwa, da lambun bayan gida, da rigakafin dabbobi. A fannin lafiya ana koyar da gina salga, da ɗaga murhu daga ƙasa don hayaƙi da ƙazanta, da jawo ruwa kusa da gida. Ba a tsaya ga ji kawai ba. Ana tambayar kowace lakol ramin taki nawa aka haƙa, itace nawa aka dasa.

Akwai wata dabara da ya kamata a sani. Akwatunan da ƙungiyar take sayar wa manoma da rahusa an ɗaure su ne a kan tasha ɗaya. Ko ka murɗa, Sutatenza kaɗai za ka kama. Za mu ga abin da wannan ya haifar daga baya.

A tuna kuma zamanin ba na lafiya ba ne. Daga 1948, bayan kisan ɗan siyasa Jorge Eliécer Gaitán a Bogota, ƙasar ta faɗa rikici tsakanin manyan jam'iyyu biyu. An yi shekara wajen 10 ana kashe-kashe a karkara, mutane kimanin dubu 200 suka mutu. Cikin wannan hali lakol ta radiyo ta yaɗu, domin tana isa inda malami ba zai iya zuwa ba.

4. Abubuwan da suka tallafi murya

Masu aikin sun gane da wuri cewa magana a iska tana wucewa. Wanda ya ji awon taki da safe, da yamma ya manta. Don haka suka kewaye radiyon da wasu abubuwa.

Na ɗaya, jarida. A watan Yuni na 1958 suka fara buga El Campesino, wato Manomi, mai fitowa mako-mako. Wanda ya koyi karatu yana bukatar abin karantawa, in ba haka ba karatun ya gudu.

Na biyu, ƙananan littattafai kan noma da kiwo da lafiya. Manomin da ba shi da kuɗi a hannu yana iya ba da ƙwan kaza ɗaya ya karɓi littafi ɗaya. Ba a ba shi kyauta ba, kuma ba a tsawwala masa ba.

Na uku, wasiƙa. Ana roƙon ɗalibai su rubuto, kuma akwai ofishi guda da aikinsa ke nan, karanta wasiƙu da ba da amsa. Ga mutane da yawa, wasiƙar farko da suka taɓa rubutawa da hannunsu ta gidan radiyo ce. Wani ya tambayi maganin cutar saniyarsa, wani ya faɗi yawan itacen da ya dasa.

Na huɗu, horo. A 1954 aka buɗe makarantar horar da samarin karkara a garin Sutatenza, a 1956 aka buɗe ta ƴan mata. Sukan yi ƴan watanni, su koma garuruwansu su zama masu zagaya lakol-lakol.

Bisa lissafin ƙungiyar, cikin shekarun aikinta ta raba littattafan darasi fiye da miliyan 6, ta buga jarida wajen kofi miliyan 75, ta karɓi wasiƙu fiye da miliyan 1 da dubu 200, ta horar da jagororin karkara fiye da dubu 20.

5. Tsari na uku: radiyon ƙasa baki ɗaya

Aikin ya yi suna. Gwamnati ta sa kuɗi, hukumar UNESCO ta turo gwanaye tun shekarun 1950, ƙungiyoyin Katolika na Turai, musamman na Jamus, suka ba da taimako. Ofisoshi da ɗakunan shirye-shirye suka koma Bogota. Sunan ƙauyen ya tsaya, amma maganar daga birni take fitowa.

Ranar 23 ga Agusta 1968 Paparoma Paul na 6 ya gana da dubban manoma a Mosquera, kusa da Bogota, ya sa wa sababbin na'urorin tashar albarka. Babbar na'urar Bogota tana da ƙarfin wat dubu 250. Idan aka gwada da wat 90 na farko, ta ninka shi fiye da sau dubu 2 da 500. Aka kafa rassa a biranen Kali, Barankiya, Medelin da Magange. Tashar ta kai tana aiki awa 19 a yini.

Awa 19 ba ta cika da darasi. Dole aka ƙara labarai, kiɗa, wasan kwaikwayo, labarin wasanni da shirye-shiryen nishaɗi. Babbar na'ura kuma tana shan lantarki, ma'aikata sun yi yawa, sai aka shiga karɓar talla. Radiyon ta zama mai fuska biyu: lakol ce ga manomi, kuma tasha ce mai neman masu sauraro kamar kowace.

Wasu ƙasashe suka kwaikwayi tsarin. A Brazil an kafa irinsa a 1961, a Ekwado a 1962, a tsibiran Kanari a 1965. A 1972 tashoshin ilimi na yankin suka taru a garin Sutatenza suka kafa ƙungiyarsu mai suna ALER.

6. Abin da ya kayar da ita

Tashar ba ta faɗi rana ɗaya ba. Dalilai da yawa suka taru.

Na farko, akwatin ya canza. A shekarun 1960 ƙananan radiyo masu taransisto suka cika kasuwa, masu araha, masu shan pil kaɗan. Ita kanta ƙungiyar ta shigo da su da yawa daga Japan. Amma da kowa ya mallaki akwatin da yake murɗawa yadda ya so, ba dole ya tafi gidan maƙwabci ba, ba dole ya saurari darasi ba. Zaman taro ya yi rauni, kuma a zaman taro ne mataimaki yake aikinsa.

Na biyu, mutanen sun canza. A ƙidayar 1951 wajen mutum 6 cikin 10 na Kolombiya a karkara suke. Zuwa 1985 kusan 2 cikin 3 suna birane. Lakol ta gwamnati kuma ta isa ƙauyuka da yawa. Bukatar koyon harafi ta radiyo ta ragu.

Na uku, nisa. Darasi ɗaya ake shiryawa a Bogota don mai noman dankali a tudu mai sanyi da mai noman shinkafa a gaɓar teku mai zafi. Manomi yana rubuto wasiƙa, amma ba shi ke tsara shiri ba, ba shi da kujera a inda ake yanke shawara. Tun 1961 wani limami masanin zaman jama'a, Camilo Torres, tare da Berta Corredor, suka yi bincike kan lakol-lakol ɗin. Sun yaba gyaran gidaje da tsabta. Amma Torres yana ganin gyaran murhu da salga bai taɓa babbar matsalar ba, wato ƴan kaɗan ne suka mallaki mafi yawan ƙasar noma.

Na huɗu, saɓani da masu riƙe da ita. A farkon shekarun 1970 tashar ta yi gangami kan ma'aurata su yi tunanin yawan ƴaƴan da za su iya ɗauka. Wasu manyan majami'a ba su ji daɗi ba, goyon bayansu ya ja baya. Taimakon waje ya ragu. Tashoshin kasuwa suna ƙorafin cewa ga mai cin tallafi tana raba talla da su. Kuɗin gwamnati kuma yana zuwa ne gwargwadon ra'ayin wanda ke mulki.

Bashi ya taru. A watan Fabrairu na 1989 Radiyo Sutatenza ta yi shiru. Aka sayar da tashoshinta ga kamfanin Caracol, mai labarai da wasanni da talla. Wannan shi ne tsari na huɗu: na'urorin suna nan, zangon yana nan, amma babu darasi. Jaridar ma ta tsaya ba da jimawa ba. Salcedo ya rasu a Miami ta Amurka a watan Disamba na 1994.

Aikin bai ɓace duka ba. A 2008 ƙungiyar ta miƙa wasiƙu da faya-fayai da rubutun darussa ga babban ɗakin karatu na Luis Ángel Arango a Bogota. A 2013 UNESCO ta sa su cikin kundin abubuwan tarihi na yankin. A shekarun 2010 ƙungiyar ta koma koyar da manoma ta kwamfuta da intanet, ta kuma maido da jaridarta a intanet.

7. Inda labarin ya taɓa mu

Wanda ya san tarihin radiyo a Nijar zai ga kama. An buɗe Radiyo Nijar a 1958, aka sa mata suna Muryar Sahel a 1974. A 1962 aka kafa ƙungiyar radiyo-kulob. Mai kula da kulob, sau da yawa malamin lakol, yakan tara mutane su saurari shiri, su yi muhawara, ya ɗauki muryoyinsu a na'ura ya aika Yamai, a saka cikin shiri na gaba. Mataimakin Sutatenza da mai kula da kulob aikinsu ya yi kusa. Bambancin shi ne can harafi ake koyarwa, nan ra'ayin manomi ake nema. A 1999 aka buɗe radiyon gari a Bankilare mai aiki da hasken rana, bayanta garuruwa da yawa suka samu nasu.

Ga abin da ya kamata kwamitin kowace radiyon gari ya ɗauka.

Ɗaya. Muryar gari ita ce jari. Tasha mai wat 90 ta tara jama'a domin sun ji kansu a ciki. Mai shiri ya fita da na'urarsa zuwa gona da rijiya da kasuwa. Idan za a yi maganar tsutsar zangarniyar hatsi, a fara da manomin da ta ci gonarsa, sannan malamin gona ya yi bayani.

Biyu. Radiyo tana bukatar mutum a ƙasa. Shiri kan ramin taki ba ya haƙa rami. Sai an samu wanda zai tara mutane bayan shiri, ya ɗauki awo ya nuna. A kowane ƙauye da tashar ke kaiwa a samu mutum ɗaya, namiji ko mace, mai wannan aiki.

Uku. A bi lokacin manomi. Da damina ba a sa darasi da hantsi. A maimaita muhimmin shiri sau biyu, kuma a tambayi mata lokacin da suke da sarari, domin ba ɗaya yake da na maza ba.

Huɗu. A ba da amsa. Yau tambaya tana zuwa ta wayar salula. Wanda ya kira aka amsa masa zai sake kira. Wanda aka yi banza da shi sau biyu ya murɗa akwatinsa.

Biyar. A yi girma daidai aljihu. Kowace awa da aka ƙara tana cin lantarki, tana cin ma'aikaci, kuma sai an cika ta da wani abu. Gara awa 4 mai amfani da awa 12 ta kiɗa. Kowane furoje yana da ranar ƙarewa. Tun yana nan a buɗe asusun gyara, a riƙa zuba wani kashi na kuɗin sanarwa da na gaisuwa da na karo-karo, a rubuta a littafi, a karanta wa taron gari sau ɗaya a shekara. Ranar da batir ya mutu ko na'ura ta ƙone, wannan asusu za a duba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Shida. A ajiye shirye-shirye. Abin da ya rage na Sutatenza shi ne abin da aka adana. Hirar da kuka yi da tsoho kan irin hatsin da ya ɓace, ko kan shekarun fari na 1973 da 1984, ba za a sake samunta ba idan aka goge.

8. Tambayoyin muhawara

Bayan an gama karatu, mai kula da ƙungiya ya jefa waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya bar kowa ya yi magana, mata da samari su ma.

a) Cikin makon da ya wuce, muryar mutum nawa na ƙauyenmu muka ji a radiyon garinmu?

b) Wane shiri ne ya sa wani cikinmu ya canza wani abu a gonarsa ko a garkensa? Me ya canza?

c) Wa ke biyan kuɗin tafiyar da radiyon garinmu yau? Idan ya daina, wata nawa za ta yi tana magana?

d) Wane lokaci ya fi dacewa da shirin noma da damina, wane ne da rani?

A rubuta amsoshin a taƙaice, a ba malamin gona na yankinku ko a kai gidan radiyo mafi kusa. Za a karanta su cikin shirin manoma.

Allah ya ba mu damina mai albarka.